Amsoshin Wasiƙunku: Ko Wasan Fenti Yana Koya wa Yaro Lissafi?

Assalamu alaikum. Ɗana yana da shekara huɗu da 'yan watanni, yana makarantar nazare, kuma yana jero ƙirga daga ɗaya har hamsin ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Sai dai idan na ce ya ɗebo mini dabino biyar, sai ya cika hannu ya kawo, wani lokaci uku, wani lokaci takwas. A wannan zangon malamarsu ta ce a saya musu fenti da burushi, wai da su za su riƙa koyon lissafi, mahaifinsa kuwa ya ce ɓarnar kuɗi ce da ɓata tufafi, a ba yaro littafi da fensir kawai. Ni dai na rasa maganar wanda zan ɗauka.
*Uwar yara biyu, Katsina*

Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya raya miki su. Zan fara da zancen dabinon nan, domin a cikinsa amsar tambayarki take. Jero lambobi da baki abu ne daban, sanin adadi kuma abu ne daban. Yaronki ya haddace ƙirga ne kamar yadda yake haddace waƙar gaɗa idan ya ji yayyensa suna yi, amma bai riga ya gane cewa kalmar "biyar" suna ce ta wani adadi da ba ya ƙaruwa ba ya raguwa ba. Wannan ba alamar daƙiƙanci ba ce, hanya ce da kowane yaro yake bi.

Wasu masana halayyar yara guda biyu a Amurka, Rochel Gelman da C. R. Gallistel, sun bayyana a shekarar 1978 ƙa'idoji biyar da ƙirga ta gaskiya take tsayawa a kansu, uku daga ciki su ne suka shafe ki yanzu. Dole kowane abu ya sami kalma ɗaya tak, kada a tsallake shi kada kuma a maimaita shi. Dole kalmomin su zo a jerinsu kullum. Sannan kalmar da aka faɗa a ƙarshe ita ce jimillar abin da aka ƙirga. Ɗanki ya riƙe ta biyu da kyau, ta ukun ce ba ta zauna ba tukuna. Wata masaniya mai suna Karen Wynn, a wajajen 1990, ta yi wa ƙananan yara irin gwajin da kika yi ba tare da kin san gwaji ba ne, wato ta ce su ba ta kayan wasa guda kaza. Ta tarar yaro yakan fara gane "ɗaya", sai bayan watanni ya gane "biyu", sannan "uku", duk abin da ya wuce wanda ya sani kuwa sai ya damƙo ya miƙa, kuma daga fara jero ƙirga zuwa gane ma'anarta akan ɗauki kimanin shekara guda.

To, ina fenti ya shigo? Idan yaro yana ƙirga tsakuwa ko dabino, bakinsa yakan riga hannunsa, ya taɓa ɗaya sau biyu ya tsallake wani, kuma babu abin da zai nuna masa inda ya kuskure. Fenti kuwa yana barin shaida. Ki sami kwali ki zana masa da'ira uku da gawayi, ki sa ya tsoma manuniyarsa a kala ya dangwala ɗigo ɗaya a cikin kowace da'ira, yana faɗin lambar a daidai lokacin da yatsan ya sauka. Da'irar da aka ƙirga ta yi kala, wadda ba a ƙirga ba tana nan fara, saboda haka idonsa ne zai gyara masa ba tsawarki ba. Jinkirin komawa a sake tsoma yatsa shi ma yana da amfani, domin yana tilasta wa baki ya jira hannu. Idan ya gama, ki tambaye shi, "Nawa ke nan duka?" In kika ga ya sake farawa daga ɗaya, ko ya faɗi wata lamba daban, kin san ƙa'ida ta uku ba ta zauna ba, sai ki zagaye su duka da yatsanki ki ce, "Ɗaya, biyu, uku. Uku ke nan duka." Kada ki yi gaggawar kai shi goma don kawai bakinsa yana kai wa hamsin. Ki zauna a kan uku har ta zauna, sannan huɗu, sannan biyar.

Bayan wannan sai ki juya wasan, ki ba shi farar takarda babu da'ira, ki ce ya buga miki ɗigo huɗu. Wannan ya fi wuya ƙwarai, domin yanzu shi ne zai san inda zai tsaya, kuma tsayawar ita ce ainihin abin da ya gagare shi a wurin dabino. Ranar da ya buga na huɗu ya ɗaga hannu ya dube ki ba tare da kin ce masa ya isa ba, ranar ya fara lissafi.

Tafin hannu ma kayan aiki ne. Ki shafa masa kala a tafi ya buga a takarda, ga yatsu biyar; ya buga ɗayan, ga goma; ya ƙara ɗigo ɗaya a gefe, ga goma sha ɗaya. A nan harshenmu ya yi mana gata, don kuwa wanda ya ce "goma sha ɗaya" ya riga ya faɗi cewa goma ce da ƙarin ɗaya, alhali sunayen da Turanci ya ba sha ɗaya da sha biyu ba sa nuna goma a cikinsu ko kaɗan. Shi ya sa nake ganin ko da makaranta da Turanci take koyarwa, a gida ki riƙa ƙirga masa da Hausa. Idan ya ƙara wayo, ki ba shi kala biyu ki ce ya yi ɗigo biyar, wasu ja wasu shuɗi, sa'an nan ya sake yin wani biyar ɗin ta wata hanya. Zai gano da kansa cewa huɗu da ɗaya biyar ne, uku da biyu ma biyar ne, tun bai taɓa ganin alamar tarawa ba.

Akwai wani wasa da iyaye kan yi mamakinsa. Ki yi layi biyu na ɗigo shida-shida, ɗaya a matse ɗaya a warwatse, ki tambaye shi wanne ya fi yawa. Kusan tabbas zai nuna mai tsawon. Jean Piaget, masanin nan ɗan ƙasar Suwizalan da ya rasu a 1980, shi ya yi suna da wannan gwaji, kuma ya ga yara da yawa ba sa barin wannan kuskure sai sun kai shekara shida ko bakwai. Kada ki yi gardama da shi, ki ba shi burushi ya ja layi daga kowane ɗigo na sama zuwa abokinsa na ƙasa, ya duba ko akwai wanda ya rasa aboki.

Game da maigida kuwa, maganarsa ba ta faɗi ƙasa duka ba. Fenti shi kaɗai ba ya koyar da lissafi, tambayar da babba yake yi yayin da hannun yaro yake cikin kala ita ce take koyarwa. Idan malama za ta raba musu fenti ne ta koma gefe, to nishaɗi kawai za su yi, wanda ba laifi ba ne amma ba lissafi ba ne. Ki je ki tambaye ta cikin ladabi me za ta riƙa tambayar yaran lokacin wasan, amsarta za ta nuna miki ko ta san abin da take nema. Inda ban yarda da shi ba shi ne ɗaukar cewa fensir ya wadatar, domin yaron da ya cika shafi da lambar 5 ya koyi siffarta ne kawai, kuma yatsun ɗan shekara huɗu suna saurin gajiya da riƙon fensir. Abin kuma ba na wasa ba ne: a 2007 Greg Duncan da abokan aikinsa sun haɗa sakamakon manyan bincike shida daga Amurka da Kanada da Birtaniya, suka tarar cewa abin da yaro ya sani na lissafi ranar da ya shiga makaranta shi ya fi nuna yadda karatunsa zai kasance a gaba, fiye ma da sanin haruffa. Binciken ba a kan fenti aka yi shi ba, a kan fahimtar adadi ne, kuma fenti hanya ce ɗaya daga cikin hanyoyin kaiwa gare ta.

Ni malami ne a wata firamare ta ƙauye, ajin share fage nake riƙe da shi, yara sun haura sittin. Alli ma da ƙyar muke samu, balle fenti. Wani ya ba mu ragowar fentin da ya yi wa shagonsa, ko zan iya amfani da shi?
*Malamin ƙauye, jihar Jigawa*

Allah ya saka da alheri, Malam, amma wannan fentin ka mayar wa mai shi da godiya. Fentin gini da na ƙofofi, musamman na mai masu launin ja ko rawaya, akan sami dalma a cikin wasunsu, kuma ido ba ya bambance mai ita da marar ita. Yaro ƙarami kuwa hannunsa bai da wurin zuwa sai baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa, kuma mu a nan mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Can daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta fito ba daga fenti ba, amma gubar ɗaya ce, kuma ko ba ta kashe ba tana taɓa ƙwaƙwalwar da kake ƙoƙarin ginawa. Haka nan kada a yi baƙar kala da kwalli, domin shi ma ana samun dalma a cikinsa, kada kuma a wanke hannun yaro da kananzir ko fetur.

Abin da kake buƙata yana cikin ƙauyen. Malaman allo sun daɗe da warware matsalar baƙar kala, da gawayi da ƙaro suke haɗa tawada, kai ma ka daka gawayi ya yi laushi ka tankaɗe ka dama da ruwan ƙaro. Zoɓo da aka tafasa da ruwa kaɗan yana ba da ja mai duhu, kurkum ko garin ɗorawa suna ba da rawaya, jar ƙasa da farar ƙasa kuwa tankaɗewa kawai suke so. Idan ƙaro ya yi wuya, ka dama ɗan sitaci ko fulawa kamar za ka yi koko marar kauri ka zuba kalar a ciki, sai dai ka haɗa na ranar kaɗai domin yana tsami idan ya kwana. Asuwaki da aka daddaka bakinsa burushi ne, tsofaffin kwalaye daga masu shago kuma takarda ne. Ka gargaɗi iyaye tun da wuri cewa kurkum ba ya fita daga farin tufafi da sauƙi.

Da yara sittin ba za ka iya tsayawa kan kowane ɗaya yana ƙirga ɗigo ba, saboda haka na fi ba ka shawarar wasan bugu, wanda rukuni zai iya yi tare. Murfin kwalba yana buga da'ira, kwalin ashana yana buga siffa mai kusurwa huɗu, dankali kuwa ka yanka shi yadda kake so, har alwatika. Kuɓewa da aka yanka a gicciye ta fi su duka, domin tana fitar da ɗakuna kamar tauraro, galibi biyar wani lokaci fiye, kuma tambayar "ɗaki nawa ke cikin taka?" takan sa aji ya ɗauki gardama mai amfani. Ka fara musu jeri a kan doguwar takarda, murfi, kuɓewa, murfi, kuɓewa, ka tsaya ka ce, "Me zai biyo?" Idan sun ƙware ka sa murfi biyu kuɓewa ɗaya, daga baya ka bar giɓi a tsakiya su cike, daga ƙarshe ka yi kuskure da gangan su kama ka, abin da yara suke so fiye da komai. Gane abin da yake maimaituwa da iya faɗin na gaba shi ne zai taimake su ranar da za a ce su ƙirga bibbiyu ko biyar-biyar. Ka sa su kawo faifai ko su dubi tabarmar da suke zaune a kai, za su ga iyayensu mata sun daɗe suna wannan lissafi da kaba mai rini.

Ranar da babu komai, ruwa ma ya isa. Ka ba su gwangwanin ruwa da tsinken asuwaki su ja layi a jikin bango ko daɓen siminti, gajere da dogo, siriri da mai kauri, su auna kowanne da taƙi ko da taku, su kuma yi hasashen wanda zai riga bushewa.

Ina son 'yata ta amfana da irin waɗannan wasanni, amma ina ƙyamar a saba mata da zanen mutane da dabbobi. Shin akwai yadda za a yi ba tare da su ba?
*Wani uba, Zariya*

Akwai, Alhaji, kuma hukuncin zanen mai rai na bar wa malamai, su ne masu shi. Abin da zan iya faɗa shi ne, duk wasannin da na ambata a sama babu wanda yake buƙatar surar mai rai, ɗigo ne da layi da da'ira da kusurwa, kuma su ne ma suka fi kusa da lissafi. Kai da kake Zariya ba sai ka yi nisa ba. Ka zaga da ita cikin birni ta ga adon bangon tsofaffin gidaje da na ƙofar fada, irin wanda ake gani har a unguwar Birni ta Damagaram, ka kuma nuna mata allon zayyana na wanda ya yi sauka, ko dagin da ke jikin hula da babbar riga. Mai zayyana ba ya fara shafa kala sai ya raba allonsa gida-gida daidai wa daida, wannan kuwa awo ne da rabawa.

Wasan da ya fi dacewa da nan shi ne na ninki. A ninka takarda biyu a buɗe, ta ɗiga kala a ɓangare ɗaya kawai, a sake rufewa ta danna da tafin hannu, sannan ta buɗe. Abin da ta sa a dama zai bayyana a hagu yana fuskantarsa, nisansa daga layin ninki ɗaya da na asalin. Kafin a buɗe ka tambaye ta, idan ta sa ɗigo uku, nawa za ta gani. Ka ga ninki biyu ya shigo ba tare da an ambaci sunansa ba. Daga baya ka zana rabin dagi ko rabin tauraro a gefen layi ta ƙarasa ɗaya rabin da burushi. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya raɗa wa makarantar ƙananan yara sunan "kindergarten", wato lambun yara, a 1840, ya sa ninke takarda cikin ayyukan da yake ba su, kuma ba abin mamaki ba ne, domin kafin ya koma kan yara ya yi aiki a gidan adana ma'adanai na Balin yana nazarin siffofin duwatsu masu kusurwa.

'Yata mai shekara uku ba ta bin ko ɗaya daga cikin abin da nake nuna mata. Da na ajiye kaloli sai ta cakuɗa su duka su koma ruwan ƙasa, ta shafe takarda da hannu biyu. Ko in bari sai ta ƙara girma?
*Maman 'yan biyu, Maraɗi*

Kada ki bari, Hajiya, ki rage buri kawai. 'Yar shekara uku sai ta ƙoshi da taɓa abu kafin ta yarda a yi mata doka a kansa, saboda haka ki bar ta ta yi cakuɗarta, ke kuma ki riƙa sa mata kalmomi a kan abin da take yi: wannan babba ne wannan ƙarami, nan ya cika nan saura wuri, wannan yana sama wancan yana ƙasa, kofin ja ya ƙare na rawaya saura rabi. Waɗannan kalmomi su ne lissafin shekarunta, kuma minti goma sun ishe ta a zama ɗaya.

Tun da cakuɗa take so, ki mayar da ita awo. Ki ajiye kala biyu kacal, shuɗi da rawaya na kalar abinci irin ta masu yin kek, da cokali ɗaya. A kofi na farko cokali ɗaya na shuɗi da ɗaya na rawaya, a na biyu ɗaya na shuɗi da uku na rawaya, ita ce mai zubawa ke kina ƙirgawa da ita. Duka biyun kore za su ba da, amma ba iri ɗaya ba, sai ki tambaye ta wanne ya fi haske, kuma me aka fi zuba masa. Ɗan'uwanta na tagwaitaka ya yi nasa kofin a gefe su gwada, in dai za su yarda kowa ya riƙe cokalinsa. Idan da zoɓo kike yi, ki jiƙa 'yar kanwa ki ɗiga a ciki da hannunki, ɗigo ɗaya a kofin farko, biyu a na biyu, uku a na uku, za ta ga jan yana juyawa yana duhu gwargwadon yawan ɗigon, ta jera kofunan daga mai haske zuwa mai duhu. Ruwan kanwar ki ajiye shi inda hannunta ba zai kai ba, kada ya shiga ido.

Jikana ɗan shekara biyar yana rubuta 3 da 7 a juye, ko da burushi ko da fensir. Matsala ce?
*Wata kaka, Kumasi*

Ba matsala ba ce a wannan shekarun, Inna, yara da yawa suna yin haka har wajen shekara bakwai, domin a duk abin da suka sani kofi kofi ne ko ta ina hannunsa ya fuskanta, sai a rubutu ne juyawa take canja abu. Yaron da yake karatun allo daga dama kuma yake boko daga hagu yana da ƙarin abin da zai daidaita. Ki sa masa jan ɗigo a inda lambar take farawa, ya ja ta da babban burushi a kan kwali yana motsa hannu tun daga kafaɗa, sannan ya buga ɗigo uku ko bakwai a ƙarƙashinta. Idan ya wuce shekara bakwai abin bai ragu ba, kuma kika ga karatu ma yana ba shi wuya, sai iyayensa su zauna da malaminsa, a kuma kai shi a duba idonsa.